Ranar da Mode Wanzami Ya Leƙa Maƙogwaron Motarsa

An ce wai Mode Wanzami na Shagari ya sa ƙarti huɗu sun danne motarsa a ƙofar gida, ya wage mata baki ya cire mata belu. Wanda ya kai labarin kasuwar Bodinga har da dafa ƙirji ya rantse cewa motar ta yi ihu sau uku, kuma belun da aka ciro ya kai faifan rufe ƙwarya. Kafin zancen ya isa Horo Birni an ƙara masa gishiri, wai har ƙaho aka kafa mata a bonet aka zuƙo baƙin jini daro guda. A Lambara kuwa wata tsohuwa aikowa ta yi tana tambaya ko an yanka wa motar rago, tun da dai an yi mata aski.

To, duk ƙarya ce. Babu ƙarti, babu ƙaho, babu rago. Abin da aka yi bai wuce tsumma da auduga da gwangwanin feshi ɗaya ba. Na sani domin ina wurin, na kuma sani domin rabin waccan ƙaryar daga bakina ta fito. Mode taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, shi ɗan mace ni ɗan namiji, don haka ko da ya ba ni shekara ashirin, a al'ada bawana ne, kuma abin da na ga dama shi nake faɗa masa.

Mode gadon aska ya yi. Ubansa wanzami, kakansa wanzami, kakan kakansa kuwa an ce shi ya taɓa yi wa zaki gyaran fuska, amma wannan ma ni na faɗa. Tun yana ɗan shekara tara yake bin ubansa ƙauye-ƙauye, rataye da zabira, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki. Gajere ne, baƙi, mai faffaɗan tafin hannu. Ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuma bai cika samuwa ba. Idan ya tallabe kan mutum da hagu ya ɗora aska da dama, kafin ya kai ƙeya mutumin ya fara gyangyaɗi. Rabin mazan Shagari da Mandera shi ya sauke musu gashin haihuwa ranar suna, kuma babu uwar da ta taɓa ganin ɗigon jini a kan ɗanta. Belu kuwa ya daina cirewa tun shekarun baya, ranar da wata ma'aikaciyar lafiya ta tara wanzamai ta nuna musu illarsa. Sauran suna ta gunaguni, shi ya miƙe ya ce, "Ba duk abin da ka gani cikin maƙogwaro ba aka yankewa." Ya naɗe ƙoshiyarsa, wato ɗan ƙarfen da ake aikin da shi, ya tura ta can ƙasan zabira.

Abu ɗaya ne Mode bai yarda da shi ba a duniya, shi ne bushewa. Aska sai da mai. Zabira sai da mai. Fatar wasa aska, takalmi, ƙyauren ɗaki, har rediyonsa sai da ya taɓa shafa wa. Kwalbar man gyaɗa ba ta barin aljihunsa. Matarsa Kulu ta ce in ka daɗe zaune kusa da shi ba ka motsa ba, kai ma sai ya shafa maka.

Motar kuwa ya saye ta ne shekarar da albasarsa ta yi kyau a fadama, daga hannun wani tsohon hedimasta a Lambara. Tsohuwa ce ƙwarai. Ni dai na ce a zamanin Annabi Nuhu aka ƙera ta, aka hana ta shiga jirgi saboda nauyi. Amma ita ke kai shi gidajen suna da sassafe, ita ke kai shi kasuwar Bodinga, shekara bakwai ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba.

Sai a bana ta ɗauko wani hali. In tana gudu lafiya lau. Da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur ta tsaya wuri ɗaya, sai ta kama kyarma kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa, madubi na rawa, wani lokaci ta yi tari ta mutu. Ran nan ranar kasuwar Shagari wata babbar mota ta tare hanya ana lodin albasa, Mode ya tsaya a bayanta daidai teburin mai shayi, hannu biyu a kan sitiyari. Duk wanda ke kan bencin nan ya ga hannuwan Mode suna karkarwa har kafaɗa, hularsa na zamewa. Babu wanda ya kalli motar. Hannun suka kalla.

Kafin la'asar zance ya zaga kasuwa: hannun Mode ya fara rawa. Ka san hannun wanzami shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Mutanen da suka shekara talatin suna miƙa masa wuya suka fara gaishe shi daga nesa, suna riƙe da hula kamar zai fizge. Sati biyu tabarmarsa ba ta ga kowa ba sai kurman nan da labarin bai isa kunnensa ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a Mandera, gidan Alhaji Abubakar Siddiƙ, gidan da tun kakan Mode babu wanda ke taɓa kan jaririnsu sai su. Suna ya kama ranar Alhamis. Ran Talata ɗan aike ya zo ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce Alhaji na gaisuwa, ya ce in jiki bai ba da dama ba kada a wahalar da kai, akwai wani mai injin aski da zai iya zuwa.

Mode ya ce, "Ka ce mishi ina tahe."

A ranar kuma Lukman ya iso daga Bodinga. Lukman shi ne ɗan farin Mode, tela ne a kasuwa, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma da yake ɗan fari ne uban bai taɓa kiran sunansa ba, Tela yake ce masa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a ƙasa, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman allura, sannan ya fito da ita.

"Baba, Allah shi ba ka haƙuri. Ka yi aiki, ka gaji. Mu da kah haifa muna nan. Ka aje askar ga ka huta, motar ma a sai da ta, ta tsuhwa."

"Wa at tsoho, ni ko ita?"

"Baba, mutane sun gani."

"Mi sunka gani?"

Lukman ya sunkuyar da kai. "Kan jariri ba kan babba ba na, Baba. In wani abu yaf faru a Mandera, sunan gidanmu na."

 Bayan la'asar Mode ya zaga bayan rumbu inda babu kowa, ya miƙa hannunsa na dama ya zuba masa ido. Hannun ya ɗan motsa. Ya kasa gane ko tsufa ne ko ɓacin rai, domin fushi ma yana girgiza hannu, kuma rabonsa da fushi irin wannan tun rasuwar ubansa da aka ce shi yaro ne ba zai iya riƙe zabira ba. Ya daɗe a tsaye. Abin da ya sani shi ne, in hannun ne, ba zai ɗora aska a kan ɗan mutane ba ko da za a ba shi Mandera da gonakinta. In kuwa mota ce, to sai kowa ya gani da idonsa.

Ran Laraba da hantsi ya turo motar ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmar aski, ya jera kaya a kai kamar yadda yake yi wa mutum: auduga, farin tsumma, sukundireba, da gwangwanin feshin wanke kafireto da ya saya tun da sassafe. Sannan ya cire zabira daga kafaɗa ya rataye ta a reshe. Masu wucewa suka fara tsayawa. Ni kuwa da ma na riga kowa, na kawo kujerata.

Ya ce, da ƙarfi yadda na bakin hanya za su ji, "Ga zabira nan. In azahar ta yi motar ga ba ta bar rawa ba, ko ta bari hannuna bai bari ba, Tela shi sauke ta shi kai ɗaki, na gama aski har abada. In kuwa ba haka ba, kowa shi riƙe bakinai."

Lukman ya ce, "Baba, ko mu kai ta Bodinga wurin Auwal Makanike? Aikin awa guda na."

"In Auwal yag gyara, hannun wa za a yaba?"

Ba kuwa da ka yake aikin ba. Shekara da shekaru yana zuwa garejin Auwal ranar kasuwa yana yi wa makanikai aski, kuma wanzami hannunsa ke kan mutum, idonsa na ko'ina. Ya sha ganin an kawo mota mai irin wannan kyarma, Auwal ya cire wani baƙin tiyo, ya wanke wurin da suke kira bakin injekta, mota ta tashi garau. Mode dai bai taɓa kiransa haka ba. Ya ce wurin da iska ke bi ta shiga ciki, ko a mutum ko a ƙarfe, sunansa maƙogwaro.

Ya yi bisimilla, ya taɓa inji ya ji da sanyi, ya cire kan batir. Ya sassauta zoben ƙarfen da ya ɗaure tiyon, ya murɗa shi a hankali kamar mai cire wa yaro ƙaya, ya zare. Sai ga wani zagayayyen baki, a tsakiyarsa wani ɗan faifan ƙarfe ya rufe hanya. Da faifan da bangon duk sun yi baƙi ƙirin, wani danƙo ya lulluɓe su kamar gindin tukunyar mai ƙosai.

Na leƙa na ce, "Bawana, ga belun nan ƙato! Ɗauko aska ka datse shi mu huta."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Tela, shiga ka taka totur ka riƙe."

Lukman, wanda ya zo raba uban da mota, ya shiga ya taka. Faifan ya juya ya buɗe, kamar yaron da aka ce ya ce "aa". Mode ya miƙa hannu reshe, ya laluba can ƙasan zabira ya ciro ƙoshiyar da ta shekara goma sha ba ta ga rana ba. Jama'a suka yi "kai!" Wani ya ja da baya. Shi kuwa auduga ya naɗa mata a kai har ƙarfen ya ɓace, ya fesa maganin a jikin audugar, ba a cikin bakin ba, ya fara bin gefen faifan da ita.

Nan fa surutu ya mutu. Wurin da dattin ya fi taruwa siriri ne kamar bakin farce, kuma akwai wata 'yar na'ura mai waya a gefe wadda Auwal kan ce in ruwa ya shige ta an shiga uku. Mode ya sunkuya, numfashinsa a ɗauke, ya bi da'irar nan daga sama zuwa ƙasa, ya juya ta baya, ya canza auduga, ya sake bi. Irin bin da yake yi wa bayan kunnen jariri, inda fata ta fi ta albasa laushi. Mutum ashirin suna tsaye, babu mai kallon mota. Yau ma hannun suke kallo. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, shi yake kallo.

Auduga ta fita baƙa sau tara. A ta goma sai ya tsaya, ya kai ta hanci. Ya sake shinshinawa. Kulu, wadda ke laɓe a bakin zaure da mayafi, ta ce, "Malam, mi kaj ji?"



Ta matso ta karɓi audugar ta shinshina, sai ta rufe baki da mayafi. "Wallahi ƙosai! Malam, man gyaɗa na!"

Mode ya buɗe akwatin da tiyon ya fito daga ciki, ya ciro filtar iska. Abin da ya kamata a gan shi a bushe fari, sai ga shi jiƙe sharkaf, ya yi nauyi, ƙasa da ɓawon albasa sun manne masa. Ashe tun bara ya taɓa buɗe wurin, ya ga abu a bushe ƙamas yana neman tsagewa kamar fatar da aka manta a rana, tausayi ya kama shi. Tun daga ranar, duk Juma'a in ya gama shafa wa askake da zabira mai, sai ya zo ya ba filta rabonta. Inji kuwa ya yi ta zuƙar man yana haɗawa da ƙasar hanyar Mandera yana dama kunu a maƙogwaro.

Dariyar da aka yi, ni na ce har Bodinga an ji. Na faɗo daga kujera. Na ce, "Jama'a, ku shaida, shekara guda bawana na soya mota da ranta!"

Mode ya tsaya da filtar a hannu har aka gama. Sannan ya ce, "Awo, ni niy yi. Wanda bai taɓa kula da abu ba shi na ba ya ɓata shi. Kun gama? To wannan kuskuren kai na, ba na hannu ba. Hannu muka zance yau."

Lukman ya fito daga mota. Ya karɓi filtar daga hannun uban, ya naɗe a leda, ya hau babur ya nufi masu kayan mota a bakin tasha. Kafin ya dawo da sabuwa Mode ya goge maƙogwaron da farin tsumma har faifan ya fito ja-ja yana ƙyalli. Da ya gama, hannunsa da kansa ya tafi aljihu ya ciro kwalbar mai, domin shekara hamsin bai taɓa gama aiki ya bar wuri a bushe ba. Har ya cire murfi. Kulu ta yi gyaran murya. Ya dubi kwalba, ya dubi faifai, ya mayar da murfin da ƙarfi kamar mai rufe bakin wani.

Aka sa sabuwar filta, aka mayar da tiyo, aka ɗaure zobe, aka mayar da kan batir. Rana ta kusa tsakiya, inuwar dogon yaro ta tattare ta koma gindinsa. Mode ya shiga ya murɗa makulli.

Motar ta yi ƙiƙi-ƙiƙi ta yi shiru.

Ya sake. Ta yi tari ta yi shiru. Wani daga baya ya ce, "Allah shi jiƙan rai." Lukman ya ɗaga kai ya dubi zabira a reshe, ya yi sauri ya kawar da ido.

Mode ya ce, "Wa anka taɓa wa maƙogwaro yat tashi da waƙa? Ku bari ta haɗiye miyau."

A ta uku ta kama da wani irin ruri, ta tofar da farin hayaƙi mai warin magani da ƙosai, kajin Kulu suka watse. Ta yi ta ihu kamar za ta tashi sama. Mode bai taɓa totur ba, ya harɗe hannu ya jira. Can sai muryar ta fara sauka, ta sauka, ta sauka, har ta koma wani ɗan gurnani siriri kamar mage a cinya. Madubi ya tsaya cak.

Sai ya ce a kawo masa ruwa a kofin shayi, a cika shi har baki. Ya ɗora hannun hagu a kan sitiyari, ya miƙa na dama ta taga, ya buɗe tafi aka ɗora masa kofin. Inji na aiki. Mutane suka matso har suna taka juna. Ruwan nan ya kwanta kamar an daskarar da shi, ko ɗigo bai zuba ba, har ladan ya fara kiran azahar.

Lukman ne ya sauke zabira daga reshe. Bai kai ta ɗaki ba. Ya durƙusa a bakin ƙofar mota ya miƙa da hannu biyu, sannan ya cire hularsa ya ce, "Baba, kaina ya yi gashi."

Washegari da sassafe Mode ya tafi Mandera. Alhaji Abubakar Siddiƙ da kansa ya fito tarbarsa, yana ta rantsuwa cewa shi da ma bai yarda da zancen ba. Jaririn kuwa har aka gama aski bai farka ba. Mai injin da aka ajiye a zaure saboda ko-ta-kwana ya ci waina ya hau babur ɗinsa.

Ni kuma na ga labari ya yi kyau amma ya bushe, kuma a gidan su Mode na koyi cewa ba a barin abu a bushe. Shi ne na shafa masa ɗan mai, na sa ƙarti da ƙaho da rago. Ran kasuwar Shagari na same shi a kan tabarma, layi har bakin teburin mai shayi. Na tsaya a kansa na ɗaga murya.

"Bawana, likitan motoci! An ce wata tirela na kwance a Bodinga da ciwon wuya, a kawo ta ko za ka tahi? Belun nan da kac cire kuma ina kab bizne shi?"

Mode bai ɗaga kai ba sai da ya gama ƙeyar da ke gabansa. Ya goge aska a fata, sama da ƙasa, ya gwada kaifinta a babban yatsa, sannan ya dube ni.

"Ita mota datti na gare ta, nig goge, ta yi shiru. Kai na matsala. Ranar sunanka ni nir riƙe ka Baba na aski. Kab buɗe baki, nig ga halshen ga, nic ce a rage shi tun shina ƙarami, Baba yac ce a bari. Shekara arba'in ke nan garin ga na biyan kuskurenai. Zamna nan, hannuna bai rawa."